Gwajin jijiya da tsoka ga ƙaramin yaro: a sa shi barci ko a riƙe shi a cinya?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ɗana mai shekara huɗu ya yi zazzaɓi, aka yi masa allura a ɗuwawu a wani kemis, tun daga ranar ƙafarsa ta hagu ta ƙi. Jan ta yake yi, ba ya iya ɗaga tafin sama, silifas ma zame masa yake. Likitan yara ya tura mu gwajin jijiya da tsoka, wanda suke kira EMG. An ce mini wuta ake jona wa yaro sannan a soka masa allura cikin nama. Yaron nan yanzu ko farar riga ya hango ihu yake sawa. Akwai abin da ake yi a rage masa zafin? Ko in roƙa a sa shi barci gaba ɗaya?

Ummu Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. An yi wa 'yata irinsa tana shekara biyar, kuma har yau ba na son tunawa. Cewa aka yi in fita waje, aka kwantar da ita rigingine, manya suka danne ta, ina jiyo ta tana kiran sunana. Ƙarshe ma ba a gama ba, likitan ya ce ta ƙi tsayawa. Kuɗi sun tafi, sakamako rabi, yarinya ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da dainawa. Ni dai in ni ce ke, barcin zan nema.

Baban Mubarak: Allah ya sawwaƙe. Amma Hajiya, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu wanzami ya yi mana kaciya ba ko allurar kashe zafi, ga mu nan lafiya lau. Gwajin nan minti nawa ne? Maganin barci ya fi kukan haɗari nesa ba kusa ba, mun sha jin wanda aka sa barci bai tashi ba. A riƙe shi da kyau a yi a gama. Kuka ba ya kisa, kuma ɗa namiji da dauriya aka san shi. Yawan lallaɓawa shi ke koya wa yara raki.

Dakta Bashir: Maman Khalil, sannu. Wannan aikina ne, bari in fara da faɗa miki abin da za a yi, don rabin tsoron daga rashin sani yake zuwa.

Gwajin kashi biyu ne. A na farko ana manna 'yan faifai a kan fata, a aika ɗan lantarki ta kan jijiya, a auna saurin tafiyar saƙon da ƙarfinsa. Kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba, bai ma kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba a yawancin lokaci. Ji yake kamar an ja robar ɗaure kuɗi an sake ta a kan fata, ƙafar ta ɗan zabura da kanta. Ba ya ƙuna, ba ya taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. A ƙafar babba lafiyayye saƙon na gudun mita 40 ko fiye a sakan ɗaya. Jariri sabon haihuwa rabin haka yake yi, sai tsakanin shekara uku zuwa biyar yake kamo na manya.

Kashi na biyu shi ne allurar. Siririya ce ƙwarai, ta fi wadda ake ɗibar jini da ita siranta, ba a zuba magani ta cikinta, ba kuma a sa wuta ta cikinta. Sauraro kawai take yi. Tsoka na da nata lantarkin, na'urar na mayar da shi ƙara a lasifika. Muna saurare sau biyu: lokacin da tsokar take a sake, da lokacin da yaro ya motsa ta. Nan ne maganar barci take da matsala. Yaron da aka sa barci mai nauyi ba zai ɗaga mini ƙafa in na ce ya ɗaga ba, to na rasa sanin ko akwai zaren jijiyar da ya tsira ko ya fara tsirowa, alhali shi ne abin da kike son ji. Haka nan yaron da aka danne yana ta fizge-fizge, duk tsokarsa a ɗaure take, ba zan ji yadda take a sake ba. Abin da ya faru da 'yar Ummu Hanifa ke nan. Saboda haka kwantar wa yaro da hankali ba shagwaɓa ba ce, shi ke ba da sakamako mai kyau.

Tambaya ɗaya: an wuce mako uku da yin allurar?

Maman Khalil: An wuce sosai Dakta. Na gode, wallahi har na ji sanyi a raina. Me ya sa sai mako uku?

Dakta Bashir: Alamar da tsoka ke nunawa in ta rabu da jijiyarta ba ta bayyana sai bayan kamar mako biyu zuwa uku. In an yi da wuri sai a sha wahalar banza. Naki lokacinsa ya yi. Babbar jijiyar da ta ratsa ɗuwawu ta sauka ƙafa ake zargi, kuma reshenta mai ɗaga tafin ƙafa shi ya fi saurin jin rauni. Mai yiwuwa a duba tsokar gaban ƙwauri, da ta sharaɓa, da wata a bayan cinya wadda ke nuna ko raunin daga sama yake ko daga gefen gwiwa. Likitan da ya saba da yara ba ya bin tsoka goma, yana zaɓar biyu ko uku da za su amsa tambayar, ya fara da gwajin da ya fi sauƙi, allura ta zo ƙarshe.

Nas Hajara: Anti Ummu Hanifa, labarinki ya taɓa ni, don na san irin ɗakin da kike faɗa. Ba allurar ce ta fi firgita yaro ba, kwantar da shi rigingine da fitar da uwarsa ne. Maman Khalil, ki ce za ki zauna, kuma a cinyarki za a yi. Ki zaunar da shi bayansa a ƙirjinki, hannuwanki zagaye da shi irin na runguma, ƙafar da za a duba a miƙe kan gado, nas ɗaya ta tallafe gwiwar kawai.

Sannan kada ki yi masa ƙarya. Kada a ce "ba zafi", kada a ce "yawo za mu". In kin faɗa ya ji zafin, duk abin da za ki faɗa bayan nan ba zai yarda ba. Ɗan shekara huɗu a ranar ko jajibiri ake gaya masa, a gajarce: za a manna maka abu a ƙafa, ƙafar za ta yi tsalle da kanta, sannan za ka ji ɗan tsini, ina riƙe da kai har a gama. Ki ba shi zaɓi a ƙananan abubuwa, wane wasa zai kalla a waya, wace riga zai sa. Ki sauke abin kallon tun a gida, kuma ya zama sabo wanda bai taɓa gani ba. Busa na taimakawa sosai, balan-balan ko kumfar sabulu, don yaron da ke hura iska a hankali ba ya iya ɗaure jikinsa.

Abu ɗaya da iyaye ke mamaki: yawan "sannu, yi haƙuri, an kusa, wayyo ɗana" na ƙara kuka ne. Yaro na jin tsoron da ke cikin muryar. Ki yi masa hirar wani abu daban da muryarki ta kullum.

Ummu Hanifa: Da na san ina da ikon cewa ba zan fita ba. Sister, in suka ƙi fa?

Nas Hajara: Ki nemi magana da likitan da kansa cikin girmamawa kafin a fara. Gwajin nan ba tiyata ba ne, babu dalilin hana uwa zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2015 ta fitar da matsaya kan allurar rigakafi cewa mai kula da yaro ya kasance a wurin, a riƙe ƙananan yara a jiki, a guji kalmomin yaudara. In haka ne a allurar sakan biyu, ina ga gwajin rabin awa.

Malam Nura mai magani: Bari in sa baki ta ɓangarena. Akwai man da ke sagar da fata, EMLA, haɗin lidokain da pirilokain kashi 2.5 cikin ɗari kowanne. Ba murzawa ake yi ba, ɗora shi ake yi da kauri, a rufe da filasta ko 'yar leda, a bar shi awa ɗaya cur. Wanda ya shafa a bakin ƙofar likita ya yi asarar kuɗinsa. Fata kawai yake sagarwa, zurfin 'yan milimita, don haka hudawar farko ce yaro ba zai ji ba, motsin allura a cikin tsoka zai ɗan ji. Bugun lantarkin kuwa ba ruwansa da shi. Ki tambayi likitan wuraren da za a ɗora kafin ranar, ya yi miki alama da biro, kada ki yi ta zato.

Gargaɗi biyu. Yaron da ke da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a 'ya'yanmu maza, pirilokain na iya hana jininsa ɗaukar iskar oksijin yadda ya kamata, leɓe ya yi shuɗi. In Khalil ya taɓa yin shawara mai tsanani yana jariri, ko fitsarinsa ya taɓa yin duhu bayan shan wani magani, ki faɗa. Jariri ƙasa da wata uku kuma ba a wuce giram ɗaya, ba a wuce awa ɗaya, kuma ba a haɗa shi da magunguna irin Septrin ga wanda bai kai shekara ba.

Hajiya Rabi: Ni a ganina abin bai kai haka ba. Ki ba shi cokali ɗaya na Phenergan ko Piriton kafin ku fita, kafin ku isa ya yi laushi. Haka muke yi in za mu yi doguwar tafiya.

Dakta Zainab: Hajiya, don girman Allah a'a. Ni likitar sa barci ce, kuma wannan shi ne abin da muka fi tsoro: a kawo mana yaro an riga an ba shi wani abu ba a faɗa ba, mu ƙara namu a kai, numfashi ya tsaya. Phenergan an hana bai wa yaro ƙasa da shekara biyu kwata-kwata saboda ya taɓa tsayar da numfashin yara. Wasu yaran kuma maimakon laushi birkicewa suke yi. Kodin ba na ƙasa da shekara 12 ba ne, kuma tun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Taramol da Valium ma kada a kusance su. Yaron da ake zargin tsokarsa ko jijiyarsa na da rauni, tsokar numfashinsa ma na iya zama da rauni ba a sani ba.

Baban Mubarak ya yi gaskiya cewa barci ba abin wasa ba ne. Amma ba haramun ba ne, yana da wurinsa: yaron da aka gwada komai ya ƙi, ko mai lalurar ƙwaƙwalwa da ba zai fahimci bayani ba, ko gwaji mai tsawo irin na bugun jijiya a jere. Akwai mataki-mataki. Midazolam ta baki ko ta hanci na rage fargaba, yaro ya manta yawancin abin, amma ba ya kashe zafi, kuma akwai waɗanda yake sa su fushi da kuka. Sama da shi akwai ketamin da firofofol, waɗannan sai da likitan barci, da na'urar auna oksijin a yatsa, da oksijin a ajiye, da abin zuƙe majina. Sai an yi azumi kuma: awa shida ba abinci, awa huɗu ba nonon uwa, awa biyu ba ruwa. In ana zargin ciwon Duchenne, mai sa yara maza su riƙa dafa gwiwa kafin su miƙe, akwai magungunan barcin da ke iya narkar da tsoka su tsayar da zuciya, dole likitan ya sani tun farko. Inda babu waɗannan kayan, gara a yi a farke.

Hajiya Rabi: Subhanallahi. Allah ya tsare mana zuri'a.

Mariama daga Maraɗi: Ina wuninku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a wajenmu ENMG muke ce wa gwajin. A Faransa abin da aka fi yi wa yara shi ne iskar da suke kira MEOPA, rabi oksijin rabi nitrus, Ingilishi kuma Entonox suke ce mata. Yaro na shaƙa ta abin rufe hanci kamar minti uku kafin a fara, yana farke, yana jin magana, yana iya ɗaga ƙafa in an ce, in an cire kuma cikin 'yan mintoci ya dawo daidai. Ta fi dacewa da wanda ya kai shekara huɗu, don sai ya yarda ya riƙe abin a fuskarsa. Maman Khalil ki tambaya ko suna da ita, tambaya ba ta da kuɗi.

Dakta Bashir: Haka ne. Likitocin ma ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. Wasu manyan asibitocin yara a Amurka na yawan yi da maganin barci. A asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan kuwa, Dakta Matthew Pitt ya yi suna da yin gwajin ga jarirai da yara a farke, da allura mafi siranta, cikin sauri, iyaye na wurin. Ni hanyarsa na fi karkata gare ta, kuma ita ta fi dacewa da halin da asibitocinmu ke ciki.

Baban Mubarak: To Dakta, ashe maganata ce, a yi a farke. Bambancinmu kawai ku kuna son a yi ta lallaɓa. Ni har yanzu ban ga illar kukan minti goma ba. Yaro mantawa yake yi.

Dakta Zainab: Malam, a nan ne ban yarda da kai ba. Mu likitoci mun daɗe da irin wannan tunanin, har cikin shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata da ɗan abin kashe zafi ko babu, wai ba sa ji. Binciken wani likita, Dakta Anand, na 1987 kan jin zafin jarirai na cikin abin da ya rusa wannan. A 1997 kuma aka yi bincike a Toronto ta Kanada: jariran da aka yi wa kaciya ba a kashe musu zafi ba sun fi nuna jin zafi lokacin rigakafin wata huɗu zuwa shida, waɗanda aka shafa wa EMLA kuma nasu ya yi sauƙi. Jaririn bai san ya tuna ba, amma jikinsa ya riƙe. Ka duba Khalil kansa, allura ɗaya ta sa yana gudun farar riga, alhali yana da watanni a gaba na zuwa gashi. In aka danne shi ranar gwaji, wa zai shawo kansa ya riƙa ba mai gashin ƙafarsa?

Baban Mubarak: Wannan ta gashin na karɓa. Amma ku tuna da talaka. Man nan ba kowane kanti ke da shi ba, iskar Faransa kuwa sai labari. Wanda ya taso daga ƙauye da kuɗin mota da ƙyar fa?

Nas Hajara: Cinya kyauta ce Malam, gaskiya kyauta ce, waƙa da tatsuniya kyauta ne. Ko likitan ya ɗan matsa ko ya bubbuga fatar kusa da wurin daidai lokacin da allura za ta shiga, yana rage jin tsinin. Man ƙari ne, in babu shi ba a fasa.

Amarya Jamila: Don Allah nima a taimaka mini. Jaririyata wata biyu, an sha wuya wajen haihuwarta, kafaɗa ta maƙale, hannun dama ba ya ɗaguwa. An ambaci gwajin nan. Ita da ba ta san waya ba fa? Kakarta ta ce a lasa mata zuma.

Dakta Bashir: Ban da zuma, Jamila, har sai ta cika shekara. Zuma na iya ɗauke da ƙwayar da ke fitar da dafi a hanjin jariri ta saki duk tsokarsa, ciwon da mu kanmu da wannan gwajin muke nemansa. Nononki ya fi komai. Ki fara ba ta minti biyu kafin a taɓa ta, ta ci gaba da sha ana yi, jikinta a jikinki. In shayarwa ba ta yiwu ba, ana ɗiga ruwan sukari kaɗan a kan harshe minti biyu kafin allura, nas za ta haɗa. Sannan ki tambayi wanda ya tura ku me sakamakon zai canza. A irin raunin nan abin da aka fi dubawa shi ne ko ta fara lanƙwasa gwiwar hannu zuwa wata uku, kuma gwajin a jarirai yakan nuna sauƙi fiye da yadda abin yake. Kada jiran gwaji ya hana ku fara gashi. Haka yake a wasu cututtukan ma, Duchenne da SMA, wani ciwon gado mai raunana tsoka, yanzu da gwajin jini ake tabbatar da su, sau da yawa ba a bukatar allurar tsoka.

Malam Ibrahim: Maman Khalil, ni a sashen rigakafi nake aiki. An ɗauki bayan gidansa? Duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ko da allura ake zargi, ana kai rahoto a ɗauki kashi sau biyu, awa 24 tsakani, don a duba ko shan inna ne. An fi so cikin kwana 14, amma har kwana 60 ana karɓa, kuma kyauta ne. Rabon Najeriya da shan inna na asali tun 2016 a Borno, aka ba Afirka shaidar rabuwa da shi a Agustan 2020, amma sa ido bai tsaya ba. Sannan a gaya wa masu kemis, ƙaramin yaro a gefen cinya ta waje ake masa allura, ba a ɗuwawu ba.

Maman Khalil: An ɗauka Malam, tun zuwanmu na farko. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura biyu: in ba shi karin kumallo da farasitamol? Kuma babansa na son shi ya shiga da shi.

Dakta Bashir: In a farke za a yi, ya ci abincinsa ya ƙoshi, mai jin yunwa ba ya rarrasuwa. Farasitamol ba ya hana jin tsinin, ki ajiye shi sai in wurin ya yi masa tsami bayan an gama. Ki yi masa wanka amma kada ki shafa basilin ko man kaɗanya a ƙafar, faifan ba za su kama ba. Da hunturun nan ki sa masa safa da dogon wando, don sanyi na rage gudun jijiya da kusan mita biyu a sakan kan kowane digiri, sai a ga ciwon da babu ko a tsaya ɗumama ƙafa yaro ya gaji. Saboda haka ma ba ma son feshin sanyi ko ƙanƙara kafin kashin farko. In yana da matsalar tsayawar jini ki faɗa, kuma ki ga an ɓare sabuwar allura a gabanki.

Nas Hajara: Maganar wa zai shiga, wanda hankalinsa ya fi kwanciya a cikinku, kuma wanda ba zai ce masa "kai ba namiji ba ne" in ya yi kuka. In ɗakin na da fili ku shiga ku biyu, ɗaya ya riƙe shi, ɗaya ya riƙe wayar a gefen da ba zai ga allurar ba, sai dai in shi ya ce yana son kallo, to a bar shi ya kalla.